Tsagar Kan Inji

A shekararmu ta huɗu a Landan ne maigidana ya shigo da kan injin jirgin ruwa cikin ɗakinmu, ya ɗora shi a kan teburin da muke cin abinci. Ya shimfiɗa jarida a ƙarƙashinsa, amma baƙin mai ya ratsa ta ya kama katakon. Na tsaya da tukunyar shinkafa a hannu, na rasa inda zan ajiye ta.

Gwamnati ce ta turo shi karatun lauya, ni kuma na biyo shi. 'Yarmu tana da shekara biyu a lokacin, manya suka ce sanyin Turai ba zai yi mata ba, muka bar ta wurin innata a Kano da niyyar shekara biyu za mu yi mu koma. Ɗakinmu na ƙarƙashin ƙasa ne, a wani tsohon gida kusa da Paddington. Tagarmu ƙafafun masu wucewa kawai take nunawa, har na iya gane maƙwabta da takalmansu.

Jarrabawar ƙarshe ce ta kayar da shi, sau biyu. Bayan ta biyun gwamnati ta janye hannunta. Ya samu aikin jera kaya a tashar jirgin ƙasa, ni kuma ina kalmasa da ɗinkin maɓalli a wata masana'antar riguna a Whitechapel. Saura masa dama guda, idan ya sake faɗuwa shi ke nan.

Lokacin ne kuma man fetur ya buɗe a gida. Duk wasiƙar da ta zo labarinta ɗaya: wane ya zama babban sakatare, wane ya sayi mota ta biyu, wane ya kai iyayensa Makka. Mutanen da muka sani suna ƙirga kwanakin wata sai ga su a Landan sun zo sayayya da akwatuna fanko. Ranar wata ƙaramar Salla a Regent's Park, ana cikin ginin sabon masallaci, muka yi Idi a fili. Bayan an sallame wani da ke ƙasa da shi aji biyu a makaranta ya rungume shi, babbar rigarsa sai ƙamshi take yi, ya ce, "Yaya, kai kaɗai ake jira. Ka zo ka karɓi kujerarka tun ba a gama rabawa ba." Da zuciya ɗaya ya faɗa. Maigidana ya yi dariya ya ce in Allah ya yarda. Daga wannan rana bai ƙara zuwa Juma'a can ba, sai ya riƙa sallarsa a ɗaki.

Jirgin kuwa na wani tsohon Bature ne da ke zaune a saman benenmu. Matarsa ta rasu, ƙafafunsa sun ƙi, 'ya'yansa suka zo za su ɗauke shi. Kafin ya tafi ya miƙa wa maigidana makullin kwaɗo, ya ce ba ya so jirgin ya ruɓe a banza. Ƙaramin jirgi ne na katako, mutum biyu yake ɗauka, uku idan an matsu, da inji a tsakiyarsa cikin wani akwati. A ɗaure yake a kanal, wato wata hanyar ruwa da Turawa suka haƙa da hannu tun zamanin kakanninsu, wadda ta bi ta bayan unguwarmu ta wuce gefen Regent's Park. Jirgin ya girme ni.

Maigidana mutumin Yawuri ne, a bakin kogi ya tashi, mahaifinsa fito yake yi. A bazarar farko da ya samu jirgin na ga mutumin da ban taɓa gani ba. A ɗaki idan na yi masa magana sai na maimaita kafin ya ji. A kan ruwa kuwa shi ke magana, yana nuna mini inda ruwa yake da zurfi ta launinsa, yana waƙoƙin da ban san ya iya ba. Na yi murna. Ban ga laifin abin da zai sa mutum ya ci abinci ya yi barci ba.

Sai sanyi ya shigo. Tsohon bai gaya masa ana zubar da ruwan da ke cikin inji kafin hunturu don kada ya daskare ya fasa ƙarfe ba, ko ya faɗa bai ji ba. A shekarar kanal ɗin ya daskare har agwagi suna tafiya a kai da ƙafa. Da rana ta fara dawowa ya je ya yi ta juya hannun tayar da injin har tafinsa ya yi kanta. Injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ya zaro fulogi ya tarar da shi jiƙe da ruwa, ya duba baƙin mai ya ga ya koma fari kamar kindirmo. Shi ne ya kwance notuna ya ciro kan injin ya kawo gida.

Kwana uku yana zaune a gabansa yana juya shi. Ya ce gaskit ne ya ci, wato siririn fallen da ke tsakanin kai da gangar jikin injin, idan aka sake shi an gama. Ni kuwa 'yar maƙera ce. A gidanmu da ƙarar uwar maƙera muke tashi, kuma ko da yake mace ba ta ƙira, na zauna kusa da zuga-zugi tun ban iya ɗaura zani ba. A rana ta uku, yana alwala, na ɗauki cokali na ƙwanƙwasa ƙarfen. Gefe ɗaya ya amsa da tsawo. Ɗaya gefen ya ce taf, ya mutu nan take.

Na ce, "Malam, ba gaskit ba ne. Ƙarfen ne ya tsage."

Ya ce, "Ke da kika ga inji jiya?"

Na ɗebo kananzir daga risho na shafe ƙarfen, na goge shi da tsumma har ya bushe, sannan na barbaɗa masa garin alkama, yadda babana yake yi da toka idan an kawo masa abin da ake gardama a kai. Muka zuba ido. Can sai ga wani zare ya fito a cikin farin garin, siriri kamar gashi, daga ramin fulogi ya gangara har gefe. Kananzirin da ya ɓuya a cikin tsagar ne yake fitowa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "To. Kin gani." Ya tashi ya yi sallarsa. A ranar a ƙasa muka ci abinci, kuma a ƙasa muka ci gaba da ci har watanni.

Saura mako tara jarrabawa. Littattafansa suna jere a kan akwati, manya-manya masu jan bango, na riƙa share musu ƙura ranar Asabar don in ga ko ya taɓa su. Bai taɓa ba. Idan ya taso daga aiki sai ya saka ƙarfen cikin jakar buhu ya fita neman mai walda. Uku suka mayar da shi, suka ce ƙarfen zubi ne, ba sa taɓawa. Na huɗun wani Bahaushen Gana ne, ɗan zango, mai rumfa a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Camden. Ya ce a kawo ranar Lahadi. Na ce zan bi shi, bai hana ni ba.

Mai waldar dattijo ne gajere, idonsa ɗaya ya yi fari. Hausarsa irin tasu ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ya ga sauran garin alkama a cikin tsagar ya tambayi wanda ya yi wannan. Maigidana ya nuna ni da haɓa.

Ya ce, "Masta, matarka ya san aiki."

Ya huda ƙananan ramuka biyu a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya faɗaɗa ta da abin gurza, sannan ya hura gawayi a cikin rabin ganga ya binne ƙarfen ciki har ya yi ja. Da zafinsa ya yi waldar, yana yi yana bubbuga wurin da ƙaramar guduma. Warin nan ya mayar da ni zauren gidanmu, na koma bakin ƙofa na tsaya don kada su ga idona. Da ya gama ya tura ƙarfen cikin bokitin yashi ya rufe.

Ya ce, "Ka bar shi nan. Gobe da yamma ka zo. Idan iska ya taɓa shi yanzu, aikin ya lalace."

Maigidana ya ce gobe yana da aiki, jibi ma haka, kuma yau ce ranar da ya ware don ya mayar da shi. Ya jira awa biyu yana kai da komowa a ƙarƙashin gadar. Sannan ya taɓa yashin ya ce ai ya huce.

Na ce, "Malam, samansa ne ya huce. Cikinsa wuta ce. Babana kwana yake bari."

Ya ce, "Babanki fartanya yake ƙerawa."

Mai waldar ya ɗaga kafaɗa ya juya ga wani aikin. Maigidana ya tono ƙarfen da awartaki ya naɗe shi cikin buhu biyu, muka fito. Ana yayyafi. Muka sauka matakalar da ke kaiwa bakin kanal, yana riƙe da buhun nesa da jikinsa saboda zafi, tururi yana tashi duk inda ɗigon ruwa ya sauka. Ba mu yi nisa ba na ji ƙarar. Ƙas. Ba ta fi ta karyewar tsinken ashana ba. Shi ma ya ji. Ya tsaya, bai buɗe buhun ba, bai kuma dube ni ba. Muka tsaya a nan cikin yayyafi har wani mai kare ya nemi mu ba shi hanya.

A gida ya buɗe. Waldar tana nan daram, amma sabuwar tsaga ta fito a gefenta, wadda ba ta bukatar gari kafin a gan ta. Farce yana shiga.

Na ɗauka abin ya ƙare ke nan, har na ji kunyar sanyin da zuciyata ta yi. Kwana biyu ya buɗe littafi. Na riƙa tafiya a ɗakin a kan yatsu. A rana ta uku na dawo daga aiki na tarar da littafin a buɗe a shafin da na bar shi, shi kuma ba ya nan. Wani ya gaya masa ana samun tsofaffin injuna irin wannan a wuraren da ake farfasa jirage can gabas, bakin babban kogi. Daga nan ya fara yawon juji. Kullum ya dawo takalmansa da laka, hannunsa babu komai.

A cikin makonnin nan wasiƙa ta zo daga yayana, da hoto a ciki. 'Yarmu ce sanye da kayan makaranta, an yi mata kitso, haƙoranta biyu na gaba sun fita. Ban san ta fara famfara ba. Yayana ya rubuta cewa idan an nuna mata hotona sai ta ce Anti. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: duk ranar da na shirya in aiko, zai turo tikiti. Na miƙa wa maigidana hoton. Ya kalla, ya ce ta girma, ya mayar mini. Wasiƙar ban nuna masa ba.

Ranar jarrabawa na tashi na goge masa kwat da farar taguwa. Na soya ƙwai, ya ci rabi. Ya zuba alƙaluma biyu a aljihu, na raka shi har saman matakala na yi masa addu'a, ya amsa da amin. Ban je aiki ba ranar. Na zauna ina jan carbi ina kallon ƙafafun mutane.

Bayan la'asar na ga takalmansa ta taga. Laka ce a jikinsu har idon sawu.

Ya shigo ba kwat a jikinsa, ya rungumo ta a ƙirji kamar jariri. Ya ɗora a kan tebur ya warware. Kan inji ne, ya yi tsatsa ja, da sauran busasshiyar ciyawar ruwa a jikinsa. Hannun farar taguwar ya yi baƙi har gwiwa. Fuskarsa tana haske.

Ya ce, "Ƙwanƙwasa ki ji."

Na ce, "Jarrabawar fa?"

Ya ce, "Mai jujin ya ce yau zai kai ƙarafan narkarwa. Da ban je yau ba, da an rasa."

Na ce, "Ka shiga ɗakin jarrabawar ko ba ka shiga ba?"

Ya zauna a bakin gado. Ya ce ya je har ƙofa. Ya ga yara suna shiga, wasu ma ya isa ya haife su, kowa da takardunsa a hannu yana bita. Ya ce ya tsaya ya nemi abu ɗaya a kansa daga cikin littattafan nan, ko layi ɗaya, bai samu ba. Sai ƙafarsa ta juya. Ya faɗi wannan duka da murya ɗaya, kamar mai ba da labarin wani.

Na yi zaton zan yi kuka ko in ɗaga murya. Ban yi ko ɗaya ba. Na ɗauki cokali na ƙwanƙwasa ƙarfen ta kowane gefe. Lafiyarsa ƙalau. Na gaya masa haka.

Washegari na aika wa yayana amsa.

Mako biyu muka yi muna gyaran kan injin, kuma da ni aka yi. Na kankare tsatsar da yashi da kananzir, na zura waya cikin hanyoyin ruwansa na fitar da laka. Fuskar da za ta zauna a kan injin ba ta miƙe sosai ba, sai muka shimfiɗa takardar gurza a kan gilashin taga da ya samo, muna goga ƙarfen a kai, shi ya yi ya gaji ni in karɓa. Ya yanko sabon gaskit da almakashina na ɗinki. A makonnin nan biyu mun yi hira fiye da yadda muka yi a shekara guda, duk a kan ƙarfe. Ban san yadda zan bayyana wannan ba, amma ban taɓa jin kusanci da shi kamar lokacin ba, alhali tikitina yana kan hanya kuma bai sani ba.

Ranar wata Lahadi da hantsi muka kai shi jirgi. Ya zubar da farin man ya zuba sabo. Ya ɗora kan, na riƙe masa notuna a gefen zanina ina miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Zai ɗaure na farko har ƙarshe na ce a'a, kaɗan-kaɗan, wannan sannan na gabansa, a zagaya sau uku. Wannan karon ya bi maganata. Ya kama hannun tayarwa ya yi bisimilla. A juyi na huɗu injin ya kama, ya fesa baƙin hayaƙi, sannan ya daidaita. Ya leƙa bayan jirgi ya ga ruwan sanyaya inji yana fita yadda ya kamata. Ya zauna ya dafe kansa da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa.

Ya kwance igiya muka tafi. Gaba kaɗan kanal ɗin yana shiga wani dogon rami a ƙarƙashin unguwa, duhu sosai, ruwa yana ɗiga daga sama, ƙarar injin ta cika ko'ina. Da muka fito muka bi ta bayan masallaci, an ɗora ƙubba amma da sauran katakan magina a jikinta. Ya juya fuskarsa ɗaya gefen. Muka wuce gidan namun daji, wasu manyan tsuntsaye suna kallonmu ta cikin raga. A nan ya rage gudu, na samu damar magana ba tare da ihu ba.

Na ce, "Malam, zan koma gida. Yaya ya turo tikiti. Ranar Alhamis ta sama."

Bai saki sitiyari ba. Ya ce, "Ya kamata."

Na ce, "Ka zo mu tafi. Ba wanda zai kashe ka. Ko koyarwa ka samu."

Ya ce, "In sauka a Kano in ce musu me?"

Na ce, "Ka ce ka dawo."

Ya ci gaba da tuƙi har muka kai inda ake juyawa. Sannan ya ce in yi gaba, zai biyo ni bayan Babbar Salla idan ya kintsa. Na san ba gaskiya ba ne, shi ma ya san na sani. Muka koma ya ɗaure jirgin, ya rufe akwatin injin da tamfol, ya tsaya yana gyara kusurwoyinsa fiye da yadda ake bukata.

Ya raka ni filin jirgin sama. Ya ɗauki akwatina har inda aka hana shi wucewa. Ya ce in gaida Inna, in gaida yarinya, in roƙa masa gafara wurin mahaifiyarsa. Na ce ya riƙa cin abinci mai zafi. Abin da muka ce wa juna ke nan.

Bai zo bayan Sallar ba, bai zo bayan ta gaba ba. Wasiƙunsa suna zuwa, da farko duk wata, daga baya sau biyu a shekara, gajeru, kullum yana lafiya kuma yana kintsawa. Bai sake ni ba, ni ma ban nema ba, ko da yake an yi ta ba ni shawara. Na koma makaranta na zama malamar firamare. Mahaifiyarsa ta rasu yana can. Da ni aka yi zaman makoki, masu gaisuwa suna tambayata labarinsa ina cewa yana nan lafiya.

Shekara tara bayan dawowata wani ɗalibi da ya zo hutu ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ban san shi ba, adireshin aka ba shi a takarda. Ya ce maigidana ya rasu, ciwon huhu ne, kwana shida ya yi a asibiti, kuma jama'ar Musulmi sun yi masa sutura yadda ya kamata, shi ma yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Na tambaye shi mutum nawa ne a wurin. Ya sunkuyar da kai ya ce an samu sahu ɗaya. Na kawo masa ruwa ya sha, ya tafi. Na shiga ɗaki na cire 'yan kunnena, na aika makaranta a gaya musu ba zan zo ba sai bayan wata huɗu da kwana goma.